Babi na Huɗu: Bin Sawun Kayan Aiki

Me ya sa ɗakin ƙasa na gidan kakanni yake da sanyi a tsakiyar bazara, amma ɗakin bulo da kwano da aka kashe wa miliyoyi ba ya shiguwa da azahar? Kusan duk wanda ya taɓa kwana a ɗakunan biyu ya yi wannan tambaya. Akwai kuma wadda take bin bayanta: in har ginin ƙasa ya fi daɗin zama, me ya sa duk wanda Allah ya buɗa masa yake fara rushe na ƙasa ya ɗora bulo?

Ɗalibin da ke koyon zayyana, ta gine-gine ce, ko ta tufafi, ko ta kayan ɗaki, ko ta mazubin da ake sayar da kaya a ciki, zai sha jin ana cewa wannan abu ba ya cutar da muhalli, wancan yana cutarwa, sai ka ce an raba kayan duniya gida biyu an huta. Lamarin ya fi haka sarƙaƙiya. Abin da nake so ɗalibi ya saba da shi shi ne bin sawun kaya: daga ina ya fito, me aka ƙona kafin ya iso, yaya zai zauna da mutane, ina kuma za shi ran da aka gama da shi. Mu fara da bangon.

Abin da bango ke yi da zafi

Bangon tubali yana da kauri, musamman daga gindi, inda yakan kai taku biyu ko fiye, yana sirancewa yayin da yake hawa. Idan rana ta bugi bayansa tun hantsi, zafin ba ya ratsawa nan take. Ƙasar tana shanye shi, yana kutsawa kaɗan-kaɗan, sai bayan sa'o'i masu yawa ya iso ciki. Kafin nan rana ta faɗi, gari ya fara sanyi, bangon ya juya yana amayar da abin da ya sha. Wanda ya taɓa zama a kan fa bayan isha'i ya ji ɗumin rana a jikinsa ya san wannan hali. Shi ya sa soro yake da sanyi da rana, da dare lokacin hunturu kuma yake da ɗumi. A tsananin bazara yakan ɗau zafi da daddare, har mutane su fito da tabarmi. Magina na da sun san da haka, don haka tsakar gida take da daraja a tsarin gidan Bahaushe kamar ɗakin kansa.

Kwano kuwa ba shi da kaurin da zai riƙe komai. Rana na dukansa yake juye zafin a kan na ciki, balle in ba silin. Bulo mai inci 6, da ramuka a cikinsa, shi ma bai iya jinkirta zafi sosai. Sai mai gida ya gama biyan kuɗin gini ya shiga biyan kuɗin sanyi: fanka, na'urar sanyaya ɗaki, janareto, fetur. Wannan biyan ba ya ƙarewa muddin gidan na tsaye.

Sai dai kaurin bango yana aiki ne a inda iska take bushe, kuma akwai tazara tsakanin zafin rana da sanyin dare, irin su Kano, Katsina, Damagaram da Agadas. A Fatakwal, inda iska take jiƙe kuma dare bai fi rana sanyi sosai ba, abin da ake nema shi ne gini marar nauyi da iska ke ratsawa. Kaya ɗaya ne, amma hukuncinsa ya bambanta da wuri.

Kuɗin da ba a rubuta a jikin buhu ba

Buhun siminti yana zuwa da farashinsa, kuma kowa ya san yadda farashin yake ƙona aljihu. Akwai wani kuɗin da ba mai saye ke biya ba. A Kalambaina ta Sakkwato, da Ashaka ta Gombe, da Obajana ta Kogi, da Malbaza ta Nijar, aikin iri ɗaya ne: a fasa dutsen farar ƙasa, a niƙa shi da yumɓu, a zuba a wani dogon tanderu mai juyawa wanda zafinsa ya kai digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyas. Ta hanya biyu iskar kabon ke fita daga nan. Ta farko daga gawayin kwal ko gas da ake hura tanderun da shi. Ta biyu daga dutsen kansa, domin idan ya gasu sai ya saki iskar da take ɗaure a jikinsa. Wannan ta biyun ta fi rabin abin da ke fita. Ke nan ko da za a sami makamashi mai tsabta a hura tanderun, dutsen zai fitar da tasa.

Duniya tana yin siminti wajen tan biliyan 4 a shekara, kuma wannan sana'a kaɗai tana da alhakin kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. A haɗa da rodi, da dizal ɗin tirelar da ta ɗauko buhun daga nisan ɗaruruwan kilomita, da yashin da tifofi ke kwasa daga koguna har gaɓa ta riƙa zaftarewa da gonakin mutane.

Ba ina cewa a ƙaurace wa siminti ba. Gada, kwalbati, harsashin gini, ramin masai, benen asibiti, duk suna bukatarsa, kuma wanda ya hana su siminti ya cuci jama'a. Abin da ke damuna shi ne zuba shi a inda ba ya da aikin yi: katangar da ta kewaye fili da bulo mita 3, tsakar gidan da aka lulluɓe da kankare daga bango zuwa bango, ruwan sama ya rasa inda zai nutse ya fita titi ya cika wa maƙwabta gida. Waɗannan duka wani ne ya zana su a takarda kafin a zuba.

Ƙasa ma tana da nata aibin

Yanzu mu amsa tambaya ta biyu. Mutanen da ke gudun ginin ƙasa ba su rasa hankali ba. Ƙasa ba ta jituwa da ruwa. Tana son yaɓe akai-akai, tana son a duba indararo kafin damina, a toshe tsagar rufi tun tana ƙarama. A da wannan aiki ne na gayya, kuma kowace unguwa da maginanta a ƙarƙashin Sarkin Magina. Yau mai gida yana kasuwa ko ofis, yaran suna makaranta, gwanayen sun yi ƙaranci. Ga kuma maganar mutunci: a idon mutane da yawa ginin ƙasa shaidar rashi ce.

Ginin da aka kula da shi yana daɗewa. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, tana tsaye tun da aka sake gina ta a 1844. Amma ba za mu ɓoye ɗaya gefen ba. A watan Agustan 2023 wani sashe na tsohon masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina a shekarun 1830, ya rufta ana cikin salla, aka rasa rayuka. A watan Satumban 2024 kuma ruwa mai ƙarfi ya rusa tsohon masallacin Damagaram. Duk ɗalibin da zai zana ginin ƙasa, tilas ya zana yadda za a kula da shi, ya faɗi wanda zai yi da abin da zai ci. In bai yi haka ba, ya bar wa mutane haɗari a kansu.

Sai batun azara, wanda a ganina ya fi kowanne koyar da darasi. Azara daga giginya take, an fi son ta namiji saboda ƙarfinta da yadda gara ba ta cinta. Sanda ɗaya ba ta cika ɗaukar rufin da ya kai faɗin mita 2 ba, shi ya sa magina suka ƙware a ɗora ta hawa-hawa, suka fito da bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda har yau suke ba masana mamaki. Amma giginya tana shekaru masu yawa kafin ta isa sara. Lokacin da mutane ba su da yawa, daji yana mayar da abin da aka ɗiba. Yanzu garuruwa sun ninka, giginya ta ja baya, har dajin giginya na Dallol Mawri a yankin Gaya sai da aka sa masa tsari na musamman. Abin da ya fito daga itace ba lalle ne ya zama marar illa ba. A tambaya ko yana tsirowa da saurin da ake sare shi. Haka nan jan bulo da ake gasawa da icce: ƙasa ce, amma bishiyoyi nawa ya ci kafin ya nuna?

Kududdufan cikin birnin Kano ma daga haƙar ƙasar gini suka samu. Sun zama gidan sauro da juji, amma kuma su ne suke shanye ruwan sama. Da aka yi ta cike su ana gini a kai, ruwan ya koma neman hanya ta cikin unguwanni.

Tsakanin tubali da bulo

Akwai hanya a tsakani, kuma an gwada ta a kusa da mu. Ana tankaɗe jar ƙasa, a gauraya ta da siminti ɗan kaɗan, galibi kashi 5 zuwa 8 cikin 100, a yayyafa ruwa, a matse ta a injin hannu. Bulon da ke fitowa yana da kusurwa tsaf, ba ya bukatar gashi, yana jure ruwa fiye da tubali, kuma yana riƙe zafi irin na ƙasa. Injin matsewar ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1950 aka ƙera shi a ƙasar Kolombiya.

Francis Kéré, ɗan ƙauyen Gando a Burkina Faso, da irin wannan bulo ya gina wa ƙauyensu makarantar firamare a 2001, da hannun mutanen garin. Abin lura a aikinsa shi ne bai yi faɗa da kwano ba. Ya yi silin na ƙasa, sannan ya ɗaga kwanon sama da shi a kan ƙarafa, ya bar tazara iska na wucewa, ya kuma miƙa bakin kwanon ya zarce bango sosai don ya kare shi daga ruwa. Kwano ya tare ruwa da rana, ƙasa ta riƙe sanyi, kowa ya yi aikin da ya iya. Ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 2004, shi kuma Kéré ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi lambar Pritzker a 2022.

A ƙasar Hausa kanta, a garin Dandaji na jihar Tawa, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala wani aiki a 2018: sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabon masallaci da matsattsen bulo na ƙasar wurin, tare da maginan yankin. A jihar ce kuma masallacin Yama yake, aikin magini Falke Barmu, wanda ya sami lambar Aga Khan tun 1986. Haka kuma tun shekarun 1980 ake koyar da magina a Nijar ginin da ba katako, inda ake rufe ɗaki da tulluwa ko baka na bulon ƙasa zalla, babu azara ko ɗaya. Ɗalibin Zariya ko Yamai bai kamata ya san gine-ginen Dubai ya rasa sanin waɗannan ba.

Laso

In ana maganar sake amfani da shara, nan da nan hankali yake tafiya ƙasashen Turai. Amma a dubi laso, wanda magina ke shafe rufin soro da bango da shi don hana ruwa shiga. Ana yin sa da katsi, wato abin da ya kwanta a gindin karofi bayan an gama rini, a ƙona shi a daka. A zuba gashin jima, wanda majema suka kankare daga fata. A kwaɓa da ruwan dafara mai yauƙi. Abin da marina ta zubar da abin da majema ta zubar, su suka haɗu suka kare gidan mutum daga damina. Makuba ma daga ɓawon ɗorawa ake samunta, bayan an cire garin an kai ƙwayar ga masu daddawa.

Wannan tsari ya yiwu ne saboda marini da majemi da magini suna gari ɗaya, sun san juna, kuma sharar kowannensu tsabtatacciya ce, ba a cakuɗa ta da abin da zai ɓata ta ba. Nan ne mai zayyana yake da iko. 'Yan jari bola suna rububin gwangwanin alminiyum domin abu ɗaya ne zalla. Maƙera su narka shi su zuba tukunya da ludayi, kuma narka tsohon alminiyum yana cin kusan kashi 5 cikin 100 kacal na makamashin da ake bukata wajen yin sabo. Amma ƙaramar ledar madara ko ta garin sabulu, wadda aka manne roba da alminiyum a jikinta, ba mai ɗaukarta, don ba a iya raba su. Tun a teburin wanda ya zana ta aka yanke mata hukuncin zama a kwata.

Rini, fata da leda

Masu zayyanar tufafi da kayan fata suna da nasu lissafin. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, da baba da toka da kanwa take aiki. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shuni na sinadari kasuwa a 1897, rinin kanti ya yi ta cin kasuwar na gargajiya, saboda sauri da araha da yawan launuka. Ruwan da ke fita daga irin wannan rini, mai soda da sauran sinadarai, kowa ya ga launinsa a lambatun unguwa. A jima ma haka: majemin gargajiya da bagaruwa yake jeme fatar jar akuyar Sakkwato, ya rina ta da karan dafi, alhali yawancin fatar duniya a yau da gishirin kuromiyom ake jeme ta. An daɗe ana kuka da ruwan masana'antun fata da ke gangarawa kogin Calawa, wanda manoma ke ban ruwa da shi. Ɗalibin da ya zaɓi fatar da zai ɗinka jaka da ita ya zaɓi ɗaya daga hanyoyin nan biyu, ko ya sani ko bai sani ba.

Leda kuwa ba sai an yi dogon bayani ba. Mahauci ya san abin da yake tararwa a tumbin akuya, manomi ya san abin da garma ke tonowa. Ruwanda ta hana ta a 2008, Kenya a 2017, Nijar ma ta yi doka a 2014, amma doka ba ta ɗaukar wa mai tumatir kayansa zuwa gida. Sai an zana abin da zai maye gurbinta, mai araha, mai sauƙin ɗauka. A nan ma a yi hattara da saurin yanke hukunci. Wani bincike da hukumar muhalli ta Ingila ta fitar a 2011 ya nuna cewa jakar auduga sai an yi amfani da ita sau 131 kafin ta fi ledar da ake yarwa bayan amfani ɗaya sauƙin illa ga ɗumamar yanayi, domin noman auduga da saƙarta suna da nasu nauyin. Jakar yadin da aka raba a taro, aka jefa a lungu bayan kwana biyu, ba ta taimaki kowa ba. Kwandon kaba da uwar gida ta shekara biyar tana zuwa cefane da shi ya fi ta nesa ba kusa ba.

A teburin ɗalibi

Duk wannan yana farawa ne daga ƙananan halaye. Kafin ka zana gini, je filin ka ɗebo ƙasarsa. Zuba ta a kwalba zuwa rabi, cika da ruwa, girgiza sosai, ka ajiye ta kwana. Tsakuwa da yashi za su kwanta a ƙasa, lallausar ƙasa ta biyo, yumɓu ya zauna a sama. In yumɓu ya yi yawa bulo zai tsage, in yashi ya yi yawa zai marmashe. Sannan ka kai ƙasar wurin tsohon magini ka ce, “Baba, duba mini wannan.” Zai murza ta a tafin hannu ya gaya maka abin da kwalbar ta nuna, ya ƙara da abin da ba ta nuna ba: ramin da ake samun birji mai kyau, kwana nawa ake barin kwaɓi ya ruɓa da ciyawa, wane bango ne ruwan gabas ya fi duka.

Mai zana kayan ɗaki ya san girman filawud, ƙafa 4 ne a ƙafa 8, ya auna aikinsa a kan haka don kada rabin allon ya tafi a guntaye. Ya fifita noti da kusa mai juyawa a kan gam, domin kujerar da ake iya kwancewa ita ake iya gyarawa. Mai ɗinki ya ɗauki tsohuwar babbar riga ta saƙi ya duba yadda aka haɗa ta: ƙyallaye ne miƙaƙƙu da 'yan kusurwoyi, kusan ba abin da almakashi ya zubar, domin wanda ya san wahalar kaɗi da saƙa ba ya wasa da zare. Ina ganin ya dace malamai su riƙa neman ɗalibi ya kawo guntayen da suka rage tare da aikin da ya gama, a auna su, su shiga cikin maki.

Akwai kuma abin da makarantu ba su cika koyarwa ba: yadda za a shawo kan mai kuɗin aikin. Alhajin da ya kira ka zana masa gida bai zo jin labarin iskar kabon ba. Gaya masa litar man da janareto zai daina sha, nuna masa hoton ginin ƙasa mai kyan gani wanda ba zai ji kunyar kai baƙi ba, in da hali ka kai shi ya shiga irinsa da rana tsaka ya ji da jikinsa. Kada kuma ka ɓoye masa kulawar da ginin zai nema.

Zaɓen kaya rabin aiki ne. Bango mai kyau da aka juya wa babbar taga yamma zai gasa masu ɗaki kamar kowane bango. A babi na gaba za mu bar kayan mu koma kan filin kansa: inda rana ke fitowa da inda take faɗuwa a watanni daban-daban, ta inda iskar damina da ta hunturu ke shigowa, inda ya kamata taga da rumfa su kasance, da yadda bishiyar darbejiya ɗaya a gefen da ya dace take rage aikin fanka.